Kiwon Zuma da Renon Sarauniya a Kudancin Kaduna

Kiwon zuma tsohuwar sana'a ce a ƙasar da ta taso daga Kasuwan Magani da Kajuru, ta bi ta Kachia har Kafanchan. Ɗorawa da kaɗanya da mangwaro suna fure daga hunturu zuwa bazara, shi ya sa babban ɗiban zuma ke zuwa kafin damina ta kankama. Mai amyar gargajiya yakan saƙa ta da ciyawa, ya shafe da kashin shanu, ya turara, ya ɗora a kan bishiya, sai ya koma gida ya jira. In ƙuda suka shiga, ya yi sa'a. Ranar ɗiba kuwa da dare ake zuwa da wuta, a ƙona wasu, a kori saura, a kwashe saƙa duka har da ta 'ya'ya. Baɗi kuma a sake zaman jira. Mai irin wannan aiki ba shi da iko a kan yawan ƙudansa, balle halinsu.

Abin da ya sauya sana'ar shi ne amyar da ake iya zaro saƙarta a duba a mayar. A 1851 wani limamin coci a Amurka, Langstroth, ya lura cewa ƙudan zuma ba sa toshe gibin da ya yi daidai da wucewar jikinsu, ya ƙera akwati a kan wannan ma'auni. Daga baya aka fito da amyar Kenya mai sanduna a sama, wadda ta fi sauƙin kuɗi, kowane kafinta zai iya haɗa ta. Sharaɗinta ɗaya ne: faɗin kowace sanda ya tsaya wajen milimita 32. In kafinta ya yi ganganci a nan, ƙudan za su gina saƙa a karkace, aikin ya ɓaci.

Amya tana tsayuwa ne a kan sarauniya guda. Ita kaɗai ke yin ƙwan da ma'aikata ke fitowa daga ciki, kuma a lokacin wadata takan saka fiye da 1,000 a rana. Ƙwan da zai zama sarauniya da wanda zai zama ma'aikaciya iri ɗaya ne. Abinci da ɗaki ne ke raba su. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa a kwana 3. Tsutsar da aka gina wa dogon ɗaki mai kallon ƙasa, mai kama da kwanson gyaɗa, aka yi ta ɗura mata farar madarar da matasan ma'aikata ke fitarwa daga kansu, ita ce ke fitowa sarauniya cikin kwana 15 zuwa 16. Ma'aikaciya takan kai kusan mako uku, namiji kwana 24.

A kan wannan aka gina renon sarauniya. Hanya mafi sauƙi ita ce raba amya. Mai kiwo ya zaɓi amya mai ƙarfi, ya ɗauki saƙa biyu ko uku masu ƙwai da ƙananan tsutsotsi, ya haɗa da saƙar zuma da ta garin fure, tare da ƙudan da ke kansu, ya sa a ƙaramin akwati ya kai nesa, tsohuwar sarauniya kuma ta zauna a gidanta. Cikin 'yan sa'o'i sabon gidan zai ji babu uwa, sai ya shiga renon wata. Bayan kamar mako huɗu a buɗe. In an ga ƙwai guda guda a gindin kowane rami, aiki ya yi.

Wanda ke son sarauniyoyi da yawa sai ya bi hanyar da wani mai kiwon zuma, Doolittle, ya bayyana a littafinsa na 1889. Ana narka kaki a yi 'yan kofuna, a manna su a jikin sanda. Da tsinke mai lanƙwasasshen baki ake ɗauko tsutsar da ba ta wuce kwana ɗaya ba, wadda da ƙyar ido ke ganinta, a ajiye ta cikin kofi ba tare da an juya ta ba. Aikin inuwa ne, kuma na gaggawa, don iskar hunturu na busar da tsutsa nan take. Sai a ba amya mara sarauniya sandar. A kwana na 9 bayan dasa tsutsotsin a kofunan a raba ɗakunan, kowane da akwatinsa, domin sarauniyar da ta riga fitowa kan bi sauran ta hallaka su tun suna ciki. Ƙudan ƙasar nan sun fi na Turai saurin girma, don haka mai bin lissafin littafin Turawa yakan makara.

Amfanin duk wannan wahala shi ne zaɓe. Ƙudan Afirka ta Yamma suna da zafi, kuma da sun ji yunwa ko tsangwamar kwarkwasa sai su bar amya su tafi. To amma ba duka suka zama ɗaya ba. A cikin amya ashirin ba a rasa biyu masu haƙuri, masu tara zuma, waɗanda damina ba ta korarsu. Daga gare su ake ɗibar iri. Sai dai rabin gado na wajen uba ne, sarauniya kuwa a sararin sama take haɗuwa da maza goma ko fiye, daga amyoyin da mai kiwo bai sani ba. Saboda haka mutum ɗaya ba zai gyara iri shi kaɗai ba, sai masu kiwon gari guda sun yi tare.

Akwai masu sha'awar shigo da sarauniyoyi daga waje. Wannan ba shawara ba ce. A 1956 aka kai ƙudan Afirka ƙasar Brazil don gwaji, a 1957 wasu suka kuɓuce, zuwa 1990 zuriyarsu ta isa Amurka, ba wanda ya iya tsayar da ita. Iri na waje yakan taho da cutarsa, ga shi bai san ranin nan ba. Ƙudan dajin Kajuru sun saba da ƙwarin wurin da yanayinsa.

Abin da ya rage shi ne koyarwa ta hannu da hannu. Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna tana Kafanchan, cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya. Ya kamata ƙungiyoyin masu zuma na yankin su nemi a buɗe musu gonar gwaji kusa da su, kowane mai kiwo kuma ya sa wa amyoyinsa lamba, ya riƙa rubuta abin da kowace ta ba shi, tun daga ɗiban bana.