Abincin keto da ciwon sukari: kafin mu hana iyayenmu tuwo

 

Kwanan nan wayoyinmu sun cika da maganar keto. A TikTok da WhatsApp ana cewa ka bar tuwo da shinkafa, ƙiba ta zube, ciwon sukari ya warke. Wasu har sun fara kai wannan shawara gida wurin iyayensu masu shan magani. To, mu tsaya mu gane abin tukuna.

Keto tsarin cin abinci ne da ake rage hatsi, shinkafa, burodi, taliya da sukari sosai, har abin da mutum ke samu daga irinsu bai kai giram 50 a yini ba. Sai a cika ciki da nama, kifi, ƙwai, mai da ganye. Idan jiki ya rasa sukarin da ya saba ƙonawa, sai hanta ta koma narka kitse tana fitar da wani sinadari da ake kira keton, jiki ya yi aiki da shi. Asalinsa ma ba don ƙiba aka kawo shi ba. Likitoci a Amurka suka fara amfani da shi a 1921 don masu farfaɗiya.

Yana aiki? E, a watannin farko nauyi na raguwa, sukarin jini na sauka ga masu nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya. Amma mutane da yawa ba su iya ɗorewa a kai, kuma da sun bari nauyin yakan dawo.

Ga inda hatsarin yake, ku saurara da kyau. Wanda ke allurar insulin ko yake shan ƙwayar glibenclamide, in ya yanke tuwo dare ɗaya kuma ya ci gaba da maganinsa yadda yake, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai nau'i na ɗaya, da mace mai ciki, da mai ciwon ƙoda, kada su taɓa wannan tsari sai da likita. Kuma don Allah kada wani ya aje maganinsa saboda bidiyo.

Sannan mu dubi aljihu. Wane gida ne a Maradi ko Damagaram zai iya nama da ƙwai safe, rana da dare? Hatsi shi ne ƙashin bayan tukunyarmu. Shawarar da sai mai kuɗi zai iya bi ba za ta ceci unguwa ba.

Abin da za mu ɗauka daga keto shi ne rage sukari da gari. Kwalbar lemu ɗaya ta santilita 33 na ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kamar giram 50 a yini. Ku ƙara da shayin fada, na ɗaya, na biyu, na uku, ga fanke da safe, ga fura an zuba mata sukari. Ku yi lissafi da kanku.

Saboda haka a rage malmalar tuwo, a yawaita miyar kuka, kuɓewa da yakuwa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya dawo kan faifai, wake ya riƙa maye gurbin farar shinkafa. A taka da ƙafa minti 30, kwana biyar a mako, ba ko'ina sai kabu-kabu ba. Mu kuma daina yi wa tumbi kirarin alamar hutu, mu daina matsa wa ƴan mata su sha maganin ƙiba kafin aure.

Ciwon sukari na iya shekaru a jiki bai nuna kansa ba, sai ya taɓa ido, ƙoda ko ƙafa. Gwajinsa ɗigon jini ne kafin karin kumallo. In ya kai giram 1,26 a lita, a maimaita, a ga likita. Wannan makon kowa ya raka mutum ɗaya daga gidansu a gwada shi, ku fara da Inna da Baba.

Allah ya ba mu lafiya.