Abin da na gano a ganuwar Susa

An ce in ba ku labarin ganuwar Susa, to ga shi, ba zan tsare ku da yawa ba.

Susa gari ne a ƙasar Tunusiya, bakin Bahar Rum, wajen kilomita 140 kudu da Tunis. Tsohon garin yana cikin ganuwar dutse da sarakunan Aglabawa suka gina a shekara ta 859. Ku yi lissafi da kanku: ta haura shekara 1,100 a tsaye. Kewayenta ya ɗara kilomita biyu, na zaga ta da ƙafa cikin safiya guda.

Me ya sa suka gina ta? Tsoron teku. Babban birninsu Ƙairawan yana can cikin ƙasa, Susa kuwa ita ce tashar jiragensu, kuma ta ruwa Rumawa suke kawo hari. Shi ya sa tun kafin ganuwar aka gina ribaɗi, wato gidan tsaro inda masu gadi suke kwana suna ibada suna kallon ruwa. Hasumiyarsa ta shekara ta 821 ce. Na hau ta, matakala ƙunci, mutum biyu da ƙyar suke wuce juna. Daga sama kana ganin tashar jirage, da Babban Masallaci na shekara ta 851 wanda ba shi da hasumiya tasa, da rufin gidaje farare har zuwa bango. Daga wannan gaɓa ce alƙali Asadu ɗan Furatu, almajirin Imamu Malik, ya tashi da runduna zuwa tsibirin Sisili a 827. Kun ga ke nan mu da muka tashi da karatun Risala, wurin ba baƙonmu ba ne sosai.

Ganuwar ta sha wuya. A Yaƙin Duniya na Biyu bama-bamai sun fasa ta wajen Ƙofar Teku, giɓin yana nan har yau, ya zama dandali. Sauran kuwa an riƙe shi. A 1988 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya.

Amma wallahi abin da ya fi tsaya mini a rai ba tsufan dutsen ba ne. Cikin ganuwar mutane suke zaune. Ga masu saƙa, ga masu sayar da man zaitun, ga yara suna dawowa daga lakwal. A kusurwar da ta fi tudu akwai hasumiyar Halaf, da gidan adana kayan tarihi da ake biya a shiga. Mai shago ya san baƙo don bangon ya zo, saboda haka abincinsa yana jikin bangon. Wa zai bari tukunyarsa ta fashe yana kallo?

To mu fa? A Damagaram muna da garun Birni da Sarki Tanimun ya gina a ƙarni na 19. Bai kai shekara 200 ba, abin da ya rage guntaye ne. Wani zai ce ai nasu dutse ne, namu laka. Gaskiya ne. Amma masallacin Agadas ma laka ne, yana tsaye saboda ana yi masa yaɓe, har tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013. Laka ba ta mutuwa sai an daina taɓa ta.

Roƙona uku ne. A auna abin da ya rage na garun a rubuta shi. A tsare gindinsa daga shara da ɗibar ƙasa. Sannan bayan kowace damina a yi gayya, tsofaffin magina a gaba, samari a baya suna koyo, tun masu sanin aikin suna da rai.

Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka bar mana.