Ƙwallon Futsal Da Yaran Zango: Jawabi A Taron Ƙungiya



Jama'a, maganar da na zo da ita yau ta ƙwallo ce, amma ba ta Firimiyar Ingila da muke kallo a gidan kallo ba. Ta yaranmu ce. Kowa ya san a nan Ikko fili ya fi zinariya tsada. Daga Agege zuwa Idi-Araba, yaro ba shi da wurin wasa sai bakin titi. Ya ajiye duwatsu biyu ya yi raga, abin da suke kira monki fos, ga 'yan acaba, ga motoci, ga kwata. Mun tsawata mun gaji, ba su daina ba. To, tunda ba za su daina ba, sai mu nema masu hanyar da ta dace.

Akwai wani wasa da ake kira futsal. Wani malami mai suna Juan Carlos Ceriani ne ya ƙago shi a birnin Montevideo na ƙasar Uruguay a 1930, don yara su sami abin bugawa a ƙaramin wuri. Mutum biyar-biyar ake yi, har da mai tsaron gida. Filin yawanci tsawonsa kimanin mita 40 ne, faɗinsa kimanin mita 20, raga kuwa mita 3 da mita 2. Minti 20 sau biyu ake bugawa. Ƙwallon ta fi ta babban fili ƙanƙanta, kuma ba ta yawan tsalle. Babu satar gida, babu jifa da hannu. In ta fita, da ƙafa za ka mayar da ita, cikin daƙiƙa 4.

Kada ku ɗauka wasan yara ne. FIFA ta fara shirya masa kofin duniya a 1989 a ƙasar Holan, Brazil ta ci. A 2024 a Uzbekistan ta sake ci, karo na 6. A nan Afirka, Maroko ta ɗauki kofin nahiya a 2016 da 2020 da 2024. Mu ma Nijeriya mun je kofin duniya na Hong Kong a 1992, daga nan muka yi sake, wasu suka wuce mu.

Wani zai ce, mene ne amfaninsa ga yaron da ke son babban fili? To, ku duba. A wasan mutum 22, yaro kan yi minti goma yana gudu bai taɓa ƙwallo ba. A nan kuwa mutum 10 ne kawai, ƙwallo ba ta barin ƙafarsa. Wuri ya matse, abokin karawa na kansa, dole ya yi tunani kafin ta iso. Tunda ba ta tsalle, ba zancen ɗirka ta sama a bi da gudu, sai ya koyi taka ta da tafin ƙafa, ya ba ɗan'uwansa a ƙasa. Kowa na kai hari, kowa na tsare gida. Ga ladabi kuma: in ƙungiya ta yi ƙeta 5 a rabin lokaci, daga ta 6 bugu ne daga mita 10, ba mai tarewa sai gola. Yaro mai mugunta, abokansa ne za su fara gyara shi. Ronaldinho da Neymar da Messi duk sun buga wannan wasa suna ƙanana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyaye, ban ce kowane yaro zai tafi Turai ba. Kaɗan ne ke zuwa, kuma ku yi hattara da dillalan ƙarya masu karɓar kuɗin mutane da sunan kai yaro waje. Amma yaron da ya gaji da wasa a gaban babba, ya fi wanda ya yini a lungu cikin masu shaye-shaye.

Saboda haka roƙona uku ne. Na ɗaya, a nema mana harabar makaranta ko wani kango, a shafe da siminti. Na biyu, 'yan kasuwarmu na kara da na canji su taimaka da ƙwallaye da raga. Na uku, a sa doka: wanda bai je boko da Islamiyya ba, ba zai buga ba, kuma ana kiran magariba a tashi. A kuma gayyato yaran maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo a riƙa karawa, don zaman lafiya daga irin nan yake farawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon a kafa kwamiti kafin a watse yau, ya kawo rahoto a zama na gaba. Allah ya shirya mana zuriya, ya bar zumunci.