Baƙo da Kukan Jiniya



An nemi mu yi magana a kan zaman ƙasar waje, domin da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure suna da burin fita neman ƙarin ilmi. Masu jawabi a kan wannan batu sun saba tsayawa ga sanyi da abinci da kewar gida. Mu kuwa mun zaɓi wani abu da ba a cika gaya wa matafiyi ba, watau gwajin jiniyar gargaɗi da hukumomin kare farar hula suke yi a ƙasashe da dama, da yadda baƙi suke ɗaukarsa.

Bari mu fara da abin da ya same mu. Muna cikin makonmu na biyu a wani gari na ƙasar Holan, ran Litinin da tsakar rana, sai garin ya ɗauki wani irin kuka mai hawa da sauka. Mu uku ne a bakin wani kanti, duka baƙi. Ɗayanmu ya shiga salati, ɗaya ya ɗaga kai yana neman jirgi a sama, na ukun kuwa ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Da muka duba, sai ga wata tsohuwa tana tura kekenta, ko waiwaye ba ta yi ba. Daga baya aka bayyana mana cewa gwaji ne da ake yi kowace Litinin ta farkon wata, ƙarfe 12 daidai, na tsawon minti 1 da daƙiƙa 26. Ranar muka gaskata masu cewa baƙo ko da ido makaho ne.

Ba Holan kaɗai ke da wannan al'ada ba. A Faransa ran Laraba ta farkon wata ake yi, wajen tsakar rana. A Suwizalan sau ɗaya ne a shekara, ran Laraba ta farkon Fabrairu, kuma suna da wani kuka na daban domin mazauna ƙasan madatsun ruwa. A Suwidin sau huɗu ne, a Maris da Yuni da Satumba da Disamba, ran Litinin ƙarfe 3 na rana. Don tsabar sabo har sun laƙaba wa jiniyarsu suna, suna ce mata Hesa Fredrik, watau Fredrik mai disasshiyar murya. A Koriya ta Kudu da Taiwan abin ya wuce kuka kawai, domin akan tsayar da motoci, a umarci masu tafiya a ƙasa su shiga mafaka har a gama atisayen.

Tsoron bama-baman jiragen sama ne ya haifi waɗannan na'urori a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, zaman ɗar-ɗar tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat ya ƙara yawansu. Amma yau aikinsu ya haɗa da ambaliya da babbar gobara da tsiyayar iska mai guba daga masana'antu. Shi ya sa umarnin da ake ba mutanen Holan idan sun ji ta a wani lokaci daban shi ne su shiga gida, su rufe ƙofofi da tagogi, su saurari sanarwar hukuma.

To, yaya baƙi suke ɗaukar abin? Mun lura sun kasu kashi uku.

Kashi na farko su ne masu firgita saboda rashin sani, kamar yadda ya faru gare mu. Maganinsu mai sauƙi ne, bayani kawai suke bukata, kuma bayan wata biyu su ne ke yi wa sababbin zuwa dariya.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka taɓa jin jiniya ta gaske. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayan Rasha ta afka wa Yukren ran 24 ga Fabrairu, 2022, miliyoyin mutane suka bazu cikin Turai, har hukumomi a wasu ƙasashe suka riƙa fitar da sanarwa cikin harshen Yukren kafin ranar gwaji, don kada kukan ya tayar wa masu gudun hijira da hankali. Cikin waɗanda suka gudo akwai ɗaliban Nijeriya masu yawa, galibi masu karatun likita. Waɗanda yaƙin ya rutsa da su a birnin Sumy sun yi kusan mako biyu suna shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kafin a buɗe musu hanyar fita. Irin wannan mutum ba abin dariya ba ne. Idan ka gan shi jikinsa na rawa ranar gwaji, ka zauna kusa da shi har kukan ya wuce.

Kashi na uku su ne suka fi ba mu tsoro, watau waɗanda sabo ya toshe musu kunne. Sun ji ta sau goma, ba abin da ya faru, saboda haka suka yanke cewa wasan Turawa ne. Ga tambayar da muke yi musu: in ta yi kuka ran Alhamis da dare, ina za ku nufa? Hikimar tsayar da rana ɗaya da sa'a ɗaya ita ce mutum ya gane bambanci nan take. Wanda bai san ranar gwaji ba, ba zai gane ranar gaskiya ba.

Wani zai ce, ai yawan gwajin ne ke kawo wannan sakacin. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma a dubi Jamus. Bayan ƙarshen Yaƙin Cacar Baka sun kwance jiniyoyi masu yawa, suna ganin zamaninsu ya wuce. Da suka yi gwajin ƙasa baki ɗaya ran 10 ga Satumba, 2020, garuruwa da dama shiru aka ji, saƙon wayar salula ya makara da kusan rabin sa'a, har gwamnati ta amsa cewa gwajin bai yi nasara ba. A watan Yulin 2021 ambaliya ta kashe mutum fiye da 180 a ƙasar, aka yi ta ƙorafin cewa gargaɗi bai kai ga mutane da yawa a kan kari ba. A dubi kuma Hawaii ta Amurka, inda ran 13 ga Janairu, 2018 aka aika wa jama'a saƙon kuskure cewa makami mai linzami yana tafe. Sai da aka yi minti 38 kafin a janye shi, kuma a cikin wannan lokaci mutane da yawa suka gane ba su san inda za su ɓuya ba. Lalle ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan maganar ta fi shafar mu. Me kukan jiniya yake nufi a kunnen ɗan Nijeriya? Galibi yana nufin wani babba zai wuce, talaka ya kauce. Kunnenmu ya saba da jiniyar da ke kare mai mulki daga jama'a, shi ya sa muke ruɗewa idan muka ji wadda aka kafa domin kare jama'ar. Alhali kuwa tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun gina ganuwa, sun sa masu tsaron ƙofa, suna da gangar gangami da sanƙira mai shela, kowa ya san abin da zai yi idan ya ji yekuwa. Ita kanta rundunar kare farar hula ta Nijeriya a Legas aka fara ta a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, domin koya wa jama'a yadda za su tsare kansu daga harin sama.

Rashin irin wannan tarbiyya ya ci mana rayuka. Ran 27 ga Janairu, 2002, da rumbun makamai ya fashe a barikin soja na Ikeja, mutum fiye da 1,000 suka mutu, kuma mafi yawansu ba wuta ce ta kashe su ba. Gudun ruɗu ne ya kai su cikin wani magudanar ruwa suka nitse. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, ya iske mutane da yawa cikin gidajensu da dare. Nan ne mutum zai tuna da kukan da Suwizalan ta keɓe wa mazauna ƙasan madatsa.

Saboda haka muna da nasiha ga wanda zai fita. A makonka na farko ka tambayi ofishin ɗalibai ko maƙwabcinka ranar gwaji da sa'arsa, da yadda ake bambanta kukan haɗari da na wucewar haɗari, da inda mafaka take. Ka sanar da ofishin jakadancinmu inda kake zaune. Ka ajiye fasfo da takardun makaranta wuri guda, inda hannu zai kai gare su cikin duhu. 'Yan'uwanmu da faɗa ya rutsa da su a Hartum a watan Afrilun 2023 za su gaya muku amfanin wannan. In sabon ɗalibi ya iso bayanka, ka gaya masa tun kafin kukan ya riga ka.

Ga mu da ke nan kuwa, mu tambayi kanmu: yaushe rabon da a yi atisayen gobara a ɗakunan kwananmu? Wa ya san ƙofar fita ta biyu, kuma a buɗe take ko da kwaɗo? Ba sai gwamnati ta ba da izini ba kafin ƙungiyar ɗalibai ta nemi hukumar jami'a ta tsayar da rana ɗaya a kowane zango domin wannan aiki. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa shi cikin abubuwan da za su tattauna a zamansu na gaba.

 Allah Ya tsare mu a gida da daji.