Naira da Sefa a Bakin Iyakar Bagudo

Ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a yarjejeniyar da ta raba ƙasar Bargu biyu, aka bar Illo a hannun Ingilishi. Tun daga lokacin mutanen Lafagu, Tsamiya, Lolo da Kaoje suka zama masu ciniki da kuɗi iri biyu, domin 'yan'uwansu na Segbana da Malanbil suna ƙarƙashin wata hukuma dabam. Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, darajar kuɗi tana ga abin da aka jingina su da shi, kuma talakan bakin iyaka ya kan riga malaman tattalin arziki ganin alamar.

Faransa ta ƙirƙiro sefa a 1945, ta ɗaure ta da kuɗinta. Daga 1960 sefa 50 ne faran ɗaya na Faransa, haka kuwa aka zauna har Janairun 1994, sa'ad da aka karya darajarta da rabi, ta koma 100. Da kuɗin yuro ya fito a 1999, sai aka tsai da sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Watau cikin wannan zamani mai tsawo sau ɗaya tak aka taɓa ta.

Naira kuwa ta fito ranar 1 ga Janairu, 1973, a madadin fam, ana ba da naira 2 a kan fam ɗaya. Madogararta man fetur ne. A 1980, lokacin da mai ke da tsada, dalar Amurka ba ta kai kwabo 60 ba, naira ɗaya kuma ta haura sefa 350 a farashin hukuma. A zamanin nan mai naira shi ne sarki a kasuwar Malanbil, kaya na kwararowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, atamfa da shinkafa da taba.

Da farashin mai ya faɗi, sai ruwa ya canja hanya. A Afrilun 1984 Gwamnatin Soja ta sauya launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, waɗanda suka tara naira a ƙetare suka yi hasara mai yawa. A Satumban 1986 aka buɗe kasuwar musaya ta gwanjo, naira ta fara gangara. A 1999 dala ta haura naira 90, a 2016 ta haura 300. Bayan haɗe farashin musaya a Yunin 2023, sai ga dala ta wuce naira 1,500 a Fabrairun 2024. A shekarar nan, jakar sefa, watau sefa 1,000, ta fi naira 2,000.

To, mene ne wannan ya haifar a bakin iyaka? Mai sefa ya zama shi ne mai saye. Masara, dawa, shanshera da dabbobi suka riƙa tsallakawa yamma, domin manomi ba ya ƙin wanda ya fi taya masa. Manomi ya ga kuɗi a hannu, amma magidancin da ke awo a Bagudo ya ga mudu ya yi masa nisa. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 bai kawar da wannan bambanci ba, sai dai ya ƙara tsadar hanya.

Kada kuwa a zaci zaman lafiyar sefa kyauta ne. Ƙasashen da ke amfani da ita sun sarayar da ikon yanka wa kuɗinsu farashi, shi ya sa har yau ake jayayya a kanta. Nijeriya ta riƙe nata ikon, amma ta jingina shi a kan haja guda. Muddin ba a yawaita abin da ƙasa ke sarrafawa ta sayar a waje ba, shinge da kwastan ba za su hana hatsi bin kuɗin da ya fi nauyi ba.