Tsakuwar Yumɓu Ba Ta Girbi Ɗaya Ba Ce



Mu mutanen Tambuwal da Kebbe da ruwan randa muka girma, saboda haka gasasshen yumɓu ba baƙonmu ba ne. Tsakuwarsa ce ke riƙe shuka a noman zamani wanda ba ƙasa, sai ruwan taki. Tana da tsada, zubar da ita bayan tumatir ya ƙare kuwa almubazzaranci ne. Farin da ke jikinta gishirin taki ne, ruɓaɓɓun saiwoyi kuma su ke kai cuta ga sabon dashe. Sai mu tsince su, mu jiƙa ta kwana guda, mu ɗauraye, mu tafasa, sa'an nan mu shanya. Amma fa ban da sabulu, domin ƙofofinta suna riƙe shi.