Malami Baƙo a Ƙasar Kabi: Abin da Muka Koya, da Abin da Muke Roƙo

Wannan jawabi ne da wasu malamai baƙi suka gabatar wa dattawa da zumuntar mata na ikkilisiyoyin ƙauyukan Birnin Kebbi da Argungu, a taron marabtar sabbin malamai.

Mun gode da kuka bar gonakinku kuka zo ku saurare mu.

Mu da muke gabanku duk baƙi ne. Wasunmu daga Filato, wasu daga kudancin Kaduna da Binuwai, wasu kuma daga Zuru, cikin wannan jiha tamu ta Kebbi. Akwai waɗanda ikkilisiya ta aiko. Akwai waɗanda aikin yi wa ƙasa hidima ya kawo, shirin nan da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 domin matasa su san sassan ƙasar da ba nasu ba. Sun yi mako uku a sansanin Dakingari, aka ba su takarda, sai ga su a ƙauyen da ba su taɓa jin sunansa ba.

Abin da ya tara mu, kun san shi. Malami yakan zo da ƙwazo, bayan wata biyu ko uku ya nemi a canza masa wuri. Aji ya zauna ba kowa, yaro ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Akan ce albashi ne ko rashin wuta. Gaskiya ne, amma mun zauna da waɗanda suka tafi, mun ji daga bakinsu. Yawancinsu kaɗaici ne ya kore su. Ba su san yadda ake zama a nan ba, ba kuma wanda ya nuna masu.

Harshe

Da yawanmu mun zo muna taƙama mun iya Hausa, tun da da ita muke sujada a gida. Ranar farko wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mi kac ce?" Sai muka gane akwai aiki. A nan ana cewa "lahiya", "shina zuwa", "wanga gari". A kasuwa kuma ga Zabarmanci ga Fulatanci.

Ɗaya daga cikinmu ya yi makonni yana yi wa yara dariya a aji, yana cewa Hausarsu karyayya ce. Wata rana wani dattijo ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, tun zamanin Kanta haka muke magana. Ka koya masu ta littafi don jarrabawa, amma kada ka kunyata su da ta iyayensu." Daga nan ya canza. Ya buɗe littafi yana rubuta kalma biyar kowace rana, yaran ne malamansa. Ajin da dā ba mai buɗe baki ya cika da hannuwa a sama.

Gaisuwa da shiga gida

Wani ɗan'uwanmu ya sauka daga mota ya wuce makaranta kai tsaye. Wata guda yana koyar da yara kaɗan, yana mamaki. Sai wani dattijon ikkilisiya ya tambaye shi ko ya gai da mai unguwa. Bai yi ba. Washegari suka tafi tare, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Mai unguwa ya yi masa maraba, ya aika a faɗa wa iyaye. Kafin mako ya ƙare benci ya kasa.

Haka muka koyi sauran. Namiji ba ya kutsa kai gidan mutane, yana tsayawa a zaure ya yi sallama. Ba a miƙa wa babba abu da hannun hagu. Ba a taka tabarma da takalmi. Ba a fara maganar kuɗin makaranta kafin a tambayi iyali da gajiya da gona. Malama kuma takan fi samun shiga wurin matan gari in ta rufe kai ta sa sutura mai kamala. Ba wanda ya tilasta mana barin bangaskiyarmu saboda waɗannan. Ladabi ne, kuma Littafi Mai Tsarki ma ya koya mana shi.

Zafi, ruwa da abinci

Wanda ya taso a kan duwatsun Jos bai san zafi ba sai ya ga watan Afrilu a kwarin Rima, lokacin da ma'auni ke wuce 40. Mun koyi sa lissafi da karatu da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Mun koyi ajiye randa a inuwa. A bazara ba ma cunkushewa a ɗaki rufe, saboda lokacin sanƙarau ne. Da damina sauron fadama ba ya wasa, don haka gidan sauro wajibi ne, in zazzaɓi ya zo kuma a je a gwada jini, kada a tsaya sayen ƙwaya a tebur. Tuwon shinkafa da miyar kuka, kifi, da fura da nono sun zama abincinmu. Wanda ya nace sai doya ko acca kullum, albashinsa ba zai kai tsakiyar wata ba.

Gona da aji

Shinkafa ce rayuwar wannan yanki. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Nuwamba 2015, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar shinkafa a Argungu. Da farko mukan yi fushi in yara sun ɓace lokacin dashe, ko korar jan baki, ko girbi. Daga baya muka bi su fadama muka ga cewa hannun yaro ɗaya yana iya zama bambancin ci da yunwa. Sai muka zauna da iyaye muka daidaita: yaro ya zo da safe, ya tafi gona bayan an tashi, wanda ya rasa darasi a maimaita masa da yamma a ƙarƙashin bishiya. Lissafi ma muka mayar da shi na buhu da tiya da litar man injin ban ruwa. Da ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan, mun ga iyayen da ba su da ko kuɗin alli. Malamin da ya san gonarsu ba zai kori ɗansu ba.

Maƙwabtanmu Musulmi

Yawancin mutanen wannan yanki Musulmi ne, wasu daga cikin ɗalibanmu ma haka. Da azumi ba ma cin abinci a gabansu, ba ma sa su aiki mai nauyi. A aji ba ma taɓa addinin kowa da wasa ko da gardama. Muna zuwa suna, muna zuwa ta'aziyya. Da Sallah sukan aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika masu da shinkafa.

Tarihin garin nan ma yana koyar da mu. Kabawa da Sakkwato sun daɗe suna gaba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa kamun kifi don girmamawa, daga nan bikin da ake yi a Matan Fada ya samo asali. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Muna ba sabbin malamai shawara su je gidan tarihi na Kanta, su ga gora da homa, su ji labarin mutanen da suke koyar da 'ya'yansu.

Misali daga Koriya

Ba mu ne farkon malamai baƙi ba. A ƙasar Koriya, can gabashin duniya, ana tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ana miƙa wa babba abu da hannu biyu, akwai kuma irin maganar da ake yi wa manya dabam da ta tsara. A 1885 wata Kirista daga Amurka, Mary Scranton, ta isa birnin Seoul tana da shekara fiye da 50. A 1886 ta buɗe makarantar 'yan mata, da ɗaliba ɗaya tak, domin iyaye ba su yarda da baƙuwa ba. Ta zauna, ta yi haƙuri. Wannan makaranta ita ce ta zama Jami'ar Ewha, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in mata na duniya. A 1886 ɗin kuma Homer Hulbert ya je koyar da Turanci a makarantar sarki. Ya koyi harshen mutanen, har ya rubuta masu littafin labarin ƙasa da baƙaƙen rubutunsu. A Seoul ya rasu a 1949, a can aka binne shi, Koriyawa suna girmama shi har yau. Dukansu sai da suka zama ɗaliban gari kafin gari ya ba su 'ya'yansa.

Abin da muke roƙon ikkilisiya

Na ɗaya, kowace ikkilisiya ta zaɓi iyali guda da zai riƙi sabon malami kamar ɗansu, ya ci abinci a gidan ko da sau biyu a mako.

Na biyu, a makon farko dattijo ya kai shi wurin mai unguwa da dagaci, ya nuna masa rijiya, kasuwa da ɗakin shan magani.

Na uku, in ya yi kuskure a gyara masa a keɓe, da wuri. Shiru ba alheri ba ne, domin baƙo bai san ya yi laifi ba.

Na huɗu, ku faɗa masa gaskiya a kan tsaro: wace hanya ake bi, da wane lokaci. Tun da aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021, iyayenmu a gida ba sa barci in sun ji sunan Kebbi. In fasto ya ɗauki waya ya gai da mahaifiyar malami, ya ce ɗanta yana hannunmu, hankalinta zai kwanta, ba za ta matsa masa ya dawo ba.

Ku kuma sabbin malamai, matambayi ba ya ɓata. Ku ba kanku wata shida kafin ku yanke shawarar tafiya. Annabi Irmiya, a sura 29, ya gargaɗi mutanen Allah da ke baƙunci a Babila su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, a sura 13, ta tuna wa masu gida kada su manta da karɓar baƙi. Kowa da nasa rabon aikin.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mu wata rana za mu koma, ku ne za ku zauna da yaran nan. Muna roƙo kafin a tashi kowace ikkilisiya ta rubuta sunan iyalin da zai karɓi malaminta, ta miƙa wa sakatare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare 'ya'yanmu da malamansu. Amin.